Ai Ya Tashi

Da la'asar sakaliya aka tsinci gawar Halilu ɗan dako a kan benci, cikin shagon Cyprian mai gyaran keke a Sabon Gari. Yana kwance rigingine, hularsa ta zame, gefen kansa na hagu sama da kunne ya kumbura suntum kamar an cusa ƙwan agwagwa ƙarƙashin fata. A ƙasa kuwa, dab da ƙafar bencin, ga guduma.

To, sauran bayani kuma na mene ne? Mamaci ɗan Fagge, mai shago Ibo, guduma a ƙasa. Bara-bara ɗin nan aka yi rikicin da ya ci mutane tsakanin unguwannin biyu, har yanzu akwai shagunan da bangonsu ke da baƙin hayaƙi. Kafin a ce me, labari ya tsallaka fili ya shiga Fagge, masu rumfa a Sabon Gari kuma suka fara jan ƙyamare tun rana na sama.

Saje Mamuda na 'yan doka ne ya fara isowa, ya sa wa Cyprian ankwa. Bayansa sai ga Almu, yana tafe yana cin gyaɗa.

Almun nan ɗan maharba ne daga wajen Falgore. 'Yan doka sun ɗauke shi ne don bin sawun ɓarayin shanu da jakuna, amma da suka ga ƙasa na yi masa magana sai suka riƙa jan sa ko'ina. Siriri ne kamar karan dawa, bakinsa kuwa ko a wurin jana'iza sai an harare shi yake rufuwa.

"Ranka ya daɗe, har an gama?" ya ce. "Kai, aikinka akwai sauri. Da haka kake biya wa Hajiyarka buƙata da ba ta yi yaji ba."

"Rufe min baki," in ji Saje. "Ga gawa, ga guduma, ga mai guduma. Me za ka bi a nan?"

Almu ya tsuguna ya ɗauki gudumar, ya juya ta, ya shinshina. Baƙin mai ne kawai da tsatsa. Ya dubi Cyprian, wanda ke zaune a ƙasa, ƙaton mutum, ankwa a hannu.

"Maigida, me ya haɗa ku? Maƙwabta sun ce sun ji hayaniya."

"Kekensa ya zo karɓa," in ji Cyprian, da Hausarsa ta wanda ya yi shekaru a gari. "Na ce saura birki. Sai ya hau zagina. Halilu fa! Mutumin da ya ɓoye ni cikin dilolin atamfa bara, ya zauna a kai yana raira waƙa har masu adduna suka wuce. Yau ya zage ni, ya ture min kaya, maganarsa ma ba ta fita daidai. Na ɗauka wani abu ya sha. Na kama shi na zaunar a benci, ya ce kansa, kansa, zai ɗan kwanta. Ya yi ta minshari. Na ce bari ya huce."

"Sai minshari ya tsaya."

"Sai ya tsaya."

Saje ya yi tsaki. "Ka kama shi ka zaunar. Haka kowa ke faɗa."

Ana cikin haka wata mace cikin farin kaya ta kutsa tsakanin 'yan doka ba ta nemi izini ba. Philomena ce, yayar Cyprian, nas a asibiti. Ko kallon ƙanenta ba ta yi ba. Ta duƙa kan gawar, ta ɗaga fatar idon hagu, ta ɗaga ta dama, ta taɓa kumburin da yatsa biyu, ta daɗe tana kallon wurin.

Ba ta kai ga magana ba Abdulgani ya shigo. Wan Halilu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma ɗan dako a kantin kwari, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure. Samari biyar ko shida na biye da shi. Ya ja hularsa har gira, idanunsa jawur.

"Ɗauke hannunki daga kan ɗan'uwana."

"A bar likita ya duba kan," in ji Philomena. "Zai nuna lokacin da..."

"A yanka shi? Kun kashe shi, kuma ku feɗe shi?" Ya juya ga Saje, yana murza goshinsa da tafin hannu. "Yanzu za mu kai shi makwancinsa. In hukuma ta yi abin da ya kamata, to. In ba ta yi ba, gobe mu za mu tsallako."

Suka naɗe gawar a tabarma suka fita. Babu wanda ya tare su.

*

A bakin shago Philomena ta riƙo hannun rigar Almu.

"Kai ne mai bin sawun?"

"Ni ne, Sista. In miji kike nema kuma, ina da sawun wani."

Ba ta yi dariya ba. "Ƙwayar idonsa ta hagu ta buɗe ta fi ta dama. Kumburin nan kuma ba na yanzu-yanzu ba ne. Saurara. Akwai bugun da in ya sami mutum a nan," ta nuna gefen kanta, "sai wata jijiya ta tsinke a ciki, ƙarƙashin ƙashi. Mutum ya faɗi, ya tashi, ya karkaɗe riga. Ya yi hira, ya ci abinci. Jini kuwa yana ta taruwa a ciki, ba shi da hanyar fita, yana danne ƙwaƙwalwa. Sai ciwon kai, sai amai, sai hali ya canza. Sai gefe guda ya fara mutuwa. Sai barci. Wani cikin yini guda, wani sai ya kwana."

"Sista, ke fa yayar wanda aka kama ce. Ko cewa kika yi aljani ne ya mare shi, ba zan ga laifinki ba."

"To kar ka yarda da ni. Ba ƙasa kake karantawa ba? Je ka tambaye ta yadda ya shigo shagon nan."

Ta sake shi ta bi bayan 'yan doka. Almu ya tsaya da gyaɗa a hannu, ya ji ta fita ransa. Ya zuba ta aljihu.

*

An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, ta riƙe duk abin da aka rubuta mata. Gaban shagon dai an tattake shi, amma Halilu ba ta babbar hanya ya zo ba. Ta lungun baya ya biyo, inda 'yan dako ke yanke hanya. Takalminsa na taya ne, Almu ya riga ya duba shi a ƙafar gawa: na dama akwai yanka a dunduniya, kamar bakin kifi.

Ga bakin kifin nan a lungu. Sai dai ba takawa yake ba. Ja yake.

Ƙafar hagu ta sauka sosai, ta dama kuwa ta zo da jan layi, yatsu na sharar ƙasa. Almu ya bi sawun da baya, yana tafe a duƙe kamar mai neman allura. A gindin wata katanga mutumin ya tsaya, ya dafa bango, ya yi amai, kaji sun ma tone rabi. Daga can sawun ya yi ta karkata dama, ya gyara, ya sake karkata.

Ya tsallaka filin da ya raba unguwannin biyu. A gefen kududdufin Fagge layin ya gajarce. Gaba kaɗan ya zama ɗan gogen yatsa kawai. Can cikin Fagge kuwa, sai ga Halilu na tafiya garau, taku mai faɗi, irin na saurayin da ya ƙoshi.

Almu ya miƙe, bayansa ya yi ƙara. Ya waiwaya ya dubi rufin kwanon Sabon Gari.

"Kai, Halilu," ya ce a hankali. "Ashe da guzurinka ka tafi."

*

Sawun ya ratsa ta gindin wani ɗurumi, ya kai shi rumfar Mero mai tuwo. Tana kwashe kwanuka, idonta ya kumbura da kuka.

"Inna Mero, ko ɗan ƙanzo babu? Hukuma na jin yunwa."

"Hukumar da ta bari ana kashe mana 'ya'ya? Ka ci ƙaniyarka."

"Na ci, na gode. Halilu ya zo nan yau?"

Ta ajiye kwano ta share hanci da bakin zane. "Da hantsi. Nan ya zauna, nan ɗin nan. Malmala uku ya tashi da ita, yana ta zolayata wai miyata ta yi ruwa. Lafiyarsa ƙalau, wallahi, har rawa ya taka min. Ya ce, Inna, daga yau kan nan nawa ya fi dutsen niƙa."

"Ya fi dutsen niƙa? Me yake nufi?"

"Ina na sani? Surutun samari. Sai dai da zai tashi ya ɗan dafe kai, ya ce rana ce, bari ya leƙa wurin Tanimu wanzami."

Tanimu na zaune gindin ɗurumin nan yana wasa aska. Dattijo ne mai tsabta, zabirarsa cike da ƙahonni da ƙulle-ƙullen magani. Da ya hango Almu sai askar ta tsaya.

"Baba Tanimu, aski na zo, amma bashi."

"Ba na aski da yamma."

"To ƙaho fa? Na ga a gawar Halilu ka yi masa guda biyu a ƙeya. Aikinka ne, na san tsagarka, kamar zanen kaza."

Tsohon ya ajiye askar. "Ya ce kansa na sara. Na yi masa ƙaho, na cire mataccen jini, ya ce ya ji sauƙi. Laifi ne? Tun kakana haka muke yi."

"Kumburin gefen kan fa? Kai ka yi shi?"

"Ni? Da ƙaho?"

"To da shi ya zo ke nan."

"Ban gani ba."

"Ka aske masa ƙeya, ka kafa ƙaho biyu, amma ba ka ga ƙwan agwagwa a saman kunne ba? Baba, in idonka ya kai haka, Allah ya tsare masu zuwa kaciya."

"Na ce ban gani ba!" Ya hau tattara kayansa.

Almu ya tafi yana tunanin ya kama zaren. Wataƙila faɗa suka yi, tsoho ya rafka masa wani abu. Amma ƙasar gindin ɗurumin ba ta goyi bayansa ba: Halilu ya zo da ƙafarsa, ya zauna, ya tashi, babu kokawa, babu faɗuwa. Tsohon na ɓoye wani abu, amma ba bugu ba ne. Kafin ya koma kan sawun da ya kawo Halilu rumfar Mero, an kira magariba, haske ya ƙare. Daga nesa ya ga masu dawowa daga maƙabarta, ba mai magana da wani. Ya roƙi Allah kada a yi ruwa.

*

Ba a yi ba. Gari na wayewa ya koma rumfar Mero, ya ɗauki bakin kifin, ya ci gaba da binsa da baya. Fagge ta tashi da wani irin shiru. Ba a buɗe shaguna ba, samari na tsaye gungu-gungu a bakin lunguna, kowa da riga mai faɗi.

Sawun ya shiga wani kango bayan masaƙa, gidan da aka ƙone bara ba a sake gina shi ba. Almu ya tsaya a bakin ƙofa. Bai shiga ba. Ya daɗe yana kallo.

Mutane sun tsaya a nan jiya, sun yi da'ira, kamar masu kallon dambe. A tsakiya mutum biyu, fuska da fuska. Ga bakin kifi, ƙafafu a ware, an dasa su sun nutse cikin ƙasa. Ba gudu, ba kaucewa, ba ja da baya. Mutum ne ya tsaya cak yana jiran abin da ya san zai zo. Ɗayan, mai babbar ƙafa da takalmin fata, dunduniyarsa ta dama ta murɗa ƙasa, irin murɗawar mai kai sara da dukan ƙarfinsa.

Ga inda gwiwa ta sauka, ga tafin hannu, ga kafaɗa. Halilu ya faɗi.

Sannan ga bakin kifi ya sake tsayawa. Ga shi yana tsalle. 'Yan da'ira ma sun yi ta tsalle, sun rufe shi. A gefe, kan tubali, ga 'yar ƙwarya da sauran wani baƙin ruwa mai warin sassaƙe, an ɗaure bakinta da jan zare, irin ɗaurin da ke kan ƙulle-ƙullen zabirar Tanimu.

Almu ya ajiye idonsa kan ƙwaryar. Ya gane. Tun bayan rikicin bara samarin Fagge ke neman maganin sanda da na ƙarfe, kowa na cewa ba za a sake samun sa a ɓagas ba. Magani kuwa ba a yarda da shi sai an gwada.

Ya sake dubawa, sai ya ga abin da ya tsallake. An yi musaya. Bayan tsallen, mai takalmin fata ya dasa nasa ƙafafun, bakin kifi ya murɗa dunduniya. Shi ma babban ya durƙusa gwiwa ɗaya, ya tashi.

Kuma takalmin fatan nan ya dawo kangon yau da safe, sawunsa sabo a kan raɓa. Ya je kusurwa inda aka jingine gorori, ya kwashe su, ya fita.

Ƙafar hagu ta sauka sosai. Ta dama ta zo da jan layi.

Almu bai san lokacin da ya fara gudu ba.

*

Da ƙyar ya shawo kan Saje. "Ranka ya daɗe, in na yi ƙarya ka ɗaure ni tare da Cyprian, ka ba ni tuwon gidan yari har in yi ƙiba. Amma ka kawo shi, ka kawo yayarsa, yanzu."

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka taru a kangon. Mai unguwa ya zo da carbinsa. An taso Tanimu wanzami yana ta salati. Cyprian na tsakanin 'yan doka huɗu, Philomena na bayansa. Abdulgani ya zo ƙarshe da samarinsa, kowa da gora, shi kuwa ya dogara da tasa kamar sanda. Almu ya jera kowa jikin bango, ya hana a taka tsakiya.

"Me ya kawo wannan nan?" in ji Abdulgani, yana nuna Cyprian. Maganarsa ta yi nauyi. "Kun kawo mana shi ne?"

"Yaya Abdulgani, ka yi haƙuri, karatu zan yi muku, ga allon nan a ƙasa." Almu ya nuna da tsinke. "Nan Halilu ya tsaya jiya da safe. Ya sha abin da ke cikin ƙwaryar can. Baba Tanimu, ɗaurinka ne ko na kakanka?"

Tsohon ya zube a ƙasa. "Su suka matsa min! Na ce musu a bari ya kwana uku a jiki!"

"Ko ya shekara," in ji Almu. "Nan wani ya tsaya ya ɗaga gora. Nan Halilu ya faɗi."

Samarin suka fara kallon juna. Abdulgani ya yi wata dariya marar daɗi.

"To sai me? Ni ne. Ni na buge shi, shi ma ya buge ni, haka ake gwaji. Ɓoyewa muka yi don Innarmu ta hana mu. Amma ai ya tashi! Kowa a nan ya gani. Ya tashi yana dariya, ya ɗaga ni sama. Magani ya ci! Ya je ya ci tuwo, ya yi rawa. Wanda aka kashe yana cin tuwo? Lafiya lau ya shiga Sabon Gari, gawarsa ta fito."

"Ba lafiya lau ya shiga ba," in ji Almu. Wasan ya bar muryarsa. "Tun daga kududdufi yake jan ƙafar dama. Ya yi amai a lungu kafin ya ga shagon. Duk mai shakka ya zo in kai shi, sawun na nan."

Philomena ta matso ta faɗa musu abin da ta faɗa wa Almu jiya, a taƙaice: jijiya a ƙarƙashin ƙashi, jinin da ba shi da mafita, tashin da ke yaudarar mutane. Ta ce ƙaho na jan jinin fata ne, wanda ke kisa yana can ciki inda ƙaho ba ya kaiwa.

"Ƙarya ne!" Abdulgani ya fizge hularsa ya jefar. Gefen kansa na hagu ya yi tsiri, ya yi baƙi. "Ga nawa! Bugu ɗaya, gora ɗaya, magani ɗaya. Na binne ƙanena da hannuna, na kwana, na tashi. Me ya same ni?"

Almu ya ja da baya har bangon can, ya share wani wuri mai laushi da tafin ƙafarsa.

"Yaya, ajiye gorar. Tako ka zo wurina."

"Wasa kake da ni?"

"Wallahi yau ba na wasa. Tako."

Abdulgani ya saki gorar. Ya yi taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ya karkata, ya gyara. Ya iso gaban Almu yana haki, sannan ya ga ba shi ake kallo ba, bayansa ake kallo. Ya waiwaya.

Layi ne a ƙasa, dogo, daga inda ya taso har inda yake tsaye.

Ya daɗe yana kallon layin. Leɓensa ya motsa. "Ai ya tashi," ya ce, a hankali, kamar mai tambaya. Sai ya yi hamma, doguwa, ya nemi zama.

Philomena ta riga ta isa gare shi. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar ga rana, ta ɗaga fatar ido. "Kar ku bar shi ya yi barci. Ku yi ta kiran sunansa. Asibiti, yanzu!"

"A bari in sa masa ƙaho ɗaya tukuna," in ji Tanimu yana lalubar zabira.

"Baba, in ka matso zan sa maka shi a baki," in ji Almu.

"Okechukwu maƙwabcina na da lori," in ji Cyprian, ya miƙa wa Saje hannuwansa. "Ba zai shigo Fagge yau ba sai ya ga fuskata."

Saje ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Aka buɗe ankwar. Samarin da suka fito don tsallaka fili da gorori, sai ga su sun zura gora biyu cikin babbar rigar mai unguwa, sun ɗora Abdulgani a kai, suna gudu da shi zuwa bakin hanya suna kiran sunansa.

*

Likita ya aske gefen kan, ya huda ƙashin da wani abu kamar na kafinta. Philomena ta ce jinin da ya fito baƙi ne kamar kwalta, ya kusa cika kofin shayi. Ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da kabari biyu za a jera. Ta kuma ce da Halilu ya zo da wuri, maimakon gindin ɗurumi, da wataƙila yana nan yana zolayar Mero. Wataƙila. Ba kowa ke tashi ba ko an huda.

Abdulgani ya tashi. Amma ba duka ba. Hannun dama ya zama kaya, yana rataye, ƙafar kuma har yau tana jan layinta. Harshensa ya yi nauyi, kalma sai ya neme ta kamar wanda ya ajiye abu ya manta wurin. Dako ya ƙare. Alƙali ya ce kisan kuskure ne, ya tambayi uwarsu, Inna Ummakulsum, abin da take so. Ta ce ɗa ɗaya ya rage mata, a bar mata shi. Tanimu ya bar garin. Fagge da Sabon Gari suka buɗe shaguna, kowa ya yi kamar bai taɓa riƙe gora ba.

Bayan kaka Almu ya biya ta gidan Inna Ummakulsum. Ya tarar da Abdulgani zaune a dakalin ƙofa, tabon hudar na sheƙi a gefen kansa. Jikin bango ga keken Halilu, an gyara birki, an goge shi tas. Cyprian ne ya turo shi da kansa har ƙofar gida, ya jingine, ya gaida Inna daga zaure, ya koma. Babu mai hawansa.

"Yaya, ka yi ƙiba," in ji Almu. "Tuwon Inna ya karɓe ka."

Abdulgani ya ɗago ya dube shi. Ya daɗe yana haɗa maganar, gefen bakinsa na rawa.

"Almu... kai ka ga... ƙasar."

"Na gani."

"Ya yi... tsalle?"

"Ya yi tsalle, Yaya. Sosai ma."

Abdulgani ya gyaɗa kai, ya mai da idonsa kan keken.

"Ai ya tashi," ya ce.

Almu ya lalubi aljihu ya ciro gyaɗa, ya ɓare, ya zuba masa a hannun hagu. Ya zauna gefensa a dakalin. Shi ma ya mai da idonsa kan keken.